Sunan da na ciro daga wasan waya na laƙaba wa ɗiyata

Shekarun baya, tun gemuna bai fara fari ba, na yi wata wauta da har yau ban manta da ita ba. Ba don ku tausaya mini zan faɗa ba, tausayinku ba ya gyara komai. Na ga samari suna ta musu a nan kan sunayen cikin wasannin waya, wai wane daga gunkin ƙasa kaza aka samo shi, shi ya sa na ce bari in ba ku nawa labarin.

Ni gyaran injin ban-ruwa nake yi a Jega. Da rani ba ni da lokacin kaina, masu albasa daga Aliero har Kashin Zama layi suke yi a rumfata. Da damina ta sauka kuwa, kowa ya jefa injinsa ɗaki, ni in zauna ina korar ƙuda. A irin wannan zama wani abokina mai sayar da kayan babur ya sa mini wani wasa a waya. Wasan yaƙi ne, ka tara jarumai ka shiga daji da su ku kashe dodanni. Aji uku na sakandare na tsaya, rabin Turancin wasan ban gane ba, amma na iya danna inda ake dannawa. Ƙato da ni, da iyali, sai ka gan ni na karkace baki ina faɗa da dodo.

Cikin jaruman akwai wata mace mai shuɗin kaya. Ba ta riƙe takobi. In an raunata mutanenka sai ta ɗaga hannu, ruwa ya taso ya lulluɓe su, su miƙe garau. Ba na shiga yaƙi sai da ita. Sunanta gaɓa uku ne, mai daɗi a baki. Ba zan rubuta shi ba, kada ma wani ya tambaye ni a ƙasa.

A daminar nan matata ta haifi mace, na sa mata sunan mahaifiyata. To kun san yadda abin yake, ba wanda zai buɗe baki a gidan ya kira sunan tsohuwa gatsal, dole a nemi laƙabi. Matata ta ce Ummi. Na ce Ummi huɗu gare mu a layin nan, ka kira ɗaya huɗu su fito. Sai kawai na ji bakina ya faɗi sunan matar cikin wasa.

Mahaifiyata ta maimaita shi sau biyu, tana juya shi a baki. Ta ce, "Ina kas samo wanga suna?"

Na ce, "Na Larabawa na, Inna. Ma'anarshi mai warkarwa."

Ta ce, "To madalla. Allah shi sa takwara ta warkar da mu."

Ƙarya na shirga mata ido cikin ido. Ta ina zan fara ce wa tsohuwa takwararta ta ci sunan zanen waya? Sunan kuwa ya bi yarinyar. Maƙwabta suka ɗauka, dangin uwarta a Fagada suka ɗauka, har wata ta zo tana tambaya ko za ta iya sa wa tata.

Shekara ta zagayo, damina ta sake sauka, yarinya ta fara tsayuwa da bango. Lokacin muna da guruf a waya, mu masu wasan nan na Jega da Aliero da Maiyama. Akwai wani ɗalibi a ciki da muke ce wa Farfesa don yawan bayaninsa. Shi aikinsa ke nan, ya shiga shafukan Turawa ya karanto, ya dawo ya aiko mana da murya. Yau ya ce jarumi kaza sunan allan yaƙin mutanen Girka ne aka ɗan murɗa. Gobe ya ce mai fuka-fukan nan aljanin Indiyawa ne. Sai wani mahauci daga Aliero ya taso masa, ya ce, "Ƙarya kaka yi, Farfesa, wanga ɗan borinmu na, Turawa sata sunka yi!" A yi ta dariya. Ni ma da ni ake yi.

Wata rana da azahar ina cin shinkafa a rumfa, muryar Farfesa ta shigo. Ya ce yau kan mai shuɗin kaya zai yi magana. Na ajiye cokali don in ji daɗi, ai tawa ce.

Ya ce sunan nata na wata macen gulbi ne da wasu mutane can ƙetaren teku suke bauta wa a zamanin da. Wai tana warkar da marasa lafiya, gaskiya ne, amma ba kyauta ba. Wai duk jaririn da aka kira da sunanta an ba ta shi ke nan, kuma tana zuwa ta karɓi kayanta kafin yaron ya iya tafiya da ƙafarsa.

Ban gama haɗiye wannan ba sai wani ɗan masunta a guruf ɗin ya rubuta cewa su ma sun san irinta, kakansa ya sha ba su labarin 'yan ruwa, in aka yi musu alkawarin yaro ba su mantuwa. Mahaucin nan ya ƙara da cewa, "Yanzu haka akwai sakaran da yas sa ma ɗiyatai sunan, don shi burge mata." Aka cika guruf da dariya.

Shinkafar nan ban ƙara taɓa ta ba. Na bi Farfesa ta gefe na tambaye shi ko abin nan gaskiya ne. Ya ce, "Baba, masu bincike sunka rubuta. Kuma ai masu wasannin ga ba su sa suna banza, sun san abin da suka yi." Ban gaya masa dalilin tambayata ba. Abokina da ya sa mini wasan, shi ya san komai, yana wurin suna. Ya kira ni a waya ya ce, "Ka dai yawaita addu'a." Abin da ya iya ke nan.

Na goge wasan a ranar. Na koma gida na tarar da yarinyar zaune cikin baho, uwarta tana yi mata wanka, tana bugun ruwa da hannu biyu tana ƙyalƙyala dariya. Kullum haka take yi, kullum kuma ina jin daɗi. Ranar sai na ji kamar an zuba mini ƙanƙara a gadon baya. Na fizge ta daga cikin ruwan har ta tsorata ta fasa kuka.

Matata ta ce, "Malam, lafiya? Mi na na?"

Na ce daga yau da tsumma za a riƙa goge ta. Na sa aka rufe randa da faifai aka danne da dutse. Na ɗaure murfin rijiya da waya. Na fara kiran ta Ummi, ko Allah zai sa abin ya ɓace wa mai nema. Yarinya ba ta ko waiwayo. Amma da kakarta ta kira wancan sunan daga ƙofar ɗaki, sai ta juya da sauri tana miƙa hannu. Duk juyawar nan a ƙirjina take sauka. Ina sallah ina lissafin kwana nawa ya rage ta fara tafiya.

Bayan kamar mako guda zazzaɓi ya kama ta. Damina ce, sauro ko'ina, duk layinmu ba gidan da ba mai kwance. Mai hankali ya san abin da zai yi. Matata ta ɗauko mayafi ta ce mu je asibiti.

Na ce, "Wanga ba na asibiti ba na."

Ta ce, "To na ina na?"

Na yi mata tsawa na ce ta bar tambayata. Washegari da safe na sa ta goya yarinyar, na ɗauke su a babur muka nufi Andarai wurin wani malami da na ji ana yabo. An kwana ana ruwa, duk kwalbatin da muka zo ya cika ya tumbatsa. In na hango ruwa a gefen hanya sai in ƙara wuta, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Gani nake hannu zai fito ya zare ta daga bayan uwarta.

Malamin nan, Allah ya saka masa. Ya yi mata addu'a, ya tofa, sannan ya ja fatar idonta ƙasa da yatsa ya duba. Ya ce, "Malam, ni ban ga iska nan ba. Dubi idonta, fari fat. Jini na ka ƙare mata. Ku wuce asibiti yanzu, kada ku biya gida." Na ce to. A raina kuwa cewa na yi, ai bai san sunan ba, da ya sani ba haka zai ce ba. Kuma ban gaya masa ba, kunya ta hana ni. Na juyo da su gida kai tsaye. Matata tana kuka a bayana tana cewa ga hanyar asibiti can, na yi kamar iska ta hana ni ji.

Kwana na uku da hantsi, ina tsakar gida, sai na ji ihu. Na faɗa ɗaki na tarar yarinya ta sandare, idanu sun juye, jiki yana karkarwa, kumfa a bakinta. Uwarta tana jijjiga ta tana kiran sunan nan, tana ƙara kira, da ƙarfi.

Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. "Bar kiran sunan ga! Kiran ta kike ta taho!"

Mahaifiyata tana bakin ƙofa. Ta ce, "Wa za ta taho?"

Nan na durƙusa na zazzage komai. Wasa, matar ruwa, Farfesa, ƙaryar Larabawa. Ina magana ina kuka kamar yaron da aka kama da satar nama. Na zaci za ta mare ni. Ba ta ko dube ni ba. Ta karɓi yarinyar daga hannun uwarta, tsohuwar da gwiwa ta hana zuwa kasuwa, ta goya ta da kanta ta ɗaure zane tamau. Ta ce, "Tada babur."

Na ce, "Inna, in abin nan ne fa..."

Ta ce, "Na haihi tara, na binne uku, na san zazzaɓi in na gan shi. Tada babur, ko in tafi da ƙafa."

A asibiti ma'aikaciyar da ta karɓe ta ta tambayi kwana nawa da farawa. Na ce uku. Kallon da ta yi mini ya fi zagi. Zazzaɓin cizon sauro ne, ya yi tsanani, jini ya yi ƙasa. Nawa ya dace, aka ɗiba aka ƙara mata. Muka zauna a benci a baranda, ni da mahaifiyata, har aka kira la'asar. Ba mu san ko za ta tashi ba.

A nan mahaifiyata ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ka ji kunyar faɗin sunana, amma ba ka ji kunyar yi min ƙarya ba. To in Allah ya tashe ta, na ɗauke maka kunyar. Da sunan da liman ya raɗa mata za ka kira ta, sunana, da bakinka, gabana. Ba Ummi, ba komi."

Na ce, "Inna, ba ni iyawa."

Ta ce, "Za ka koya."

Allah ya tashe ta. Kwana shida muka yi. Amma kunnenta na hagu bai dawo daidai ba, likita ya ce zafin ciwon ya taɓa shi. Ban tambaye shi ko da mun zo da wuri da hakan ba ta faru ba. Ina tsoron amsar.

Ranar da muka dawo gida na kira ta da sunan mahaifiyata, tsohuwa tana zaune a tabarma tana kallona. Maƙwabta suka yi ta gulma wai ba ni da kunya, ina kiran sunan uwata kamar na sa'ata. Na ci gaba da kiran ta haka.

Bayan wasu watanni abokina ya kunna mini wata sabuwar muryar Farfesa, don ni na bar guruf ɗin. Yana dariya yana cewa wancan bayanin nasa na baya kuskure ne, wasu sun gano sunan ba na macen gulbi ba ne, daga sunan wani tsuntsu aka ɗauko. Wai dama duk hasashe ne, kowa da nasa. Hasashe! Na so in neme shi in shaƙe shi, amma me zan ce ya yi? Shi surutunsa ya yi don a ce ya iya karatu. Ba shi ya hana a je asibiti ba.

Abin da na gane shi ne, ba matar ruwa ta kusa kashe mini ɗiya ba, kuma ba Farfesa ba. Ƙaryar da na yi ranar suna ita ta rufe mini baki. Da na iya gaya wa mutum ɗaya a gidan abin da nake tsoro, da tun ranar farko an yi mini dariya an wuce asibiti. Ni jahilcina ma rabi ne. Na yi karatun da ya isa in yarda da duk abin da aka ce Bature ya rubuta, ban yi wanda ya isa in bincika ba.

Yanzu ɗiyata tana aji huɗu, ta fi ni Turanci tuni. Ba ta san ta taɓa amsa wani suna ba, kuma duk gidan ba mai tayar da zancen. Amma in na yi mata magana ta gefen hagu, sai ta juyo da kanta gaba ɗaya, ta miƙo mini kunnen dama, ta ce, "Baba, mi kac ce?" Ita murmushi take yi. Ni kuma sai in sake faɗa, a hankali.