Ranar da Suka Ƙona Mana Barkono

Ranar kasuwa ce. Da sassafe na dama kunu, mijina Bitrus ya sha a tsaye, ya gangara bakin kogin Komadugu wurin jigon ban ruwa. Daga tsakar gida ina jin kukan jigon. 'Yarmu Rahila tana barci a ɗaki. Barkonon bana ya bushe, mun tara shi a rumfa jikin ɗakin, muna jiran fatake.

Shekararmu ta uku ke nan a ƙauyen, kusa da Shetimari. Daga wajen Maraɗi muka zo, mu kaɗai ne Kirista. Bulama, mai garin, ya ara mana fadama, muka gyara ta. Bitrus ba mai wa'azi ba ne. Amma in ka tambaye shi zai faɗa maka, ba ƙari ba ragi.

Maƙwabcinmu Bukar ya san halinsa, ya kuma daɗe yana haɗiyar yawu a kan fadamar. Ana gobe kasuwa ya shigo da mutum biyu, na zuba musu tuwo. Yana kai loma ya ce, "Bitrus, don Allah, Isa ɗin nan wane ne a wurinku?"

Bitrus ya ce, "Mu mun gaskata Ɗan Allah ne, ba irin haihuwar mutane ba. Ya mutu domin laifinmu, ya tashi. Abin da na riƙe ke nan."

Bukar ya ce madalla, ya suɗe yatsu, ya nemi ƙarin miya. Na ƙara masa. Har yau ina tuna hannun nan cikin akushina.

Da hantsi jigo ya yi shiru. Na ji hayaniya daga wajen kasuwa, tana matsowa. Ashe Bukar ya bi rumfa-rumfa yana cewa Bitrus ya zagi Annabi. Bitrus ko sunan bai ambata ba. Mutum biyun da suka ci tuwona su suka shaida.

Bitrus ya faɗo gida, jini ya rufe masa ido ɗaya. "Ɗauki yarinya!"

Kafin in kai ƙofar ɗaki mutanen kasuwa sun karya darni. Duk fuskokin na san su. "Ku fito da shi!" "A sa wuta!" Wasu ma ba ta addini suke ba. Na ga dattijo da furfurarsa yana dumbuzar barkononmu yana cusawa a riga. Wani ya sungumi tukunyata da sauran kunu a ciki. Tir.

Wani ya cinna wa zana wuta. A kwarin nan ko yaro ya san ba a kai wuta kusa da busasshen barkono. Su da suka tsufa a nomansa suka manta. Rumfar ta kama. Hayaƙin ya kwanta a ƙasa, mai shiga ƙirji kamar ƙaya. Jaruman suka zubar da sanduna, masu tari na yi, masu amai na yi, suna tattake juna a hanyar fita. Hayaƙin ya raba mu da sanda. Amma ɗaki ya riga cikawa, Rahila tana ciki.

Na shiga ido rufe na lalubo ta. Ba ta kuka. Baki kawai take buɗewa.

"Ta nan!" Ya Falmata ce, tsohuwar da ke bayan gidanmu, Musulma. Ta keta darninta da hannu, ta jiƙa mayafinta ta rufa wa yarinyar. Ta kai mu cikin duhuwar bagaruwa a bakin kogi. Can muka ji kiran azahar. Tsakanin kiran ina jin ƙirjin Rahila yana fito.

Da la'asar ƙaninta Modu, mai ƙetarar da mutane kogi, ya zo da manyan goruna ɗaure a sanda. Muka hau, ya sa Rahila cikin masaki yana turawa. A tsakiyar ruwa ya dubi Bitrus. "Wai me ka ce musu?"

Da fasasshen leɓe Bitrus ya maimaita, kalma ɗaya bai sauya ba. Na ji kamar in tura shi ruwa. Modu ya ce, "Iyakarta ke nan?" Ya waiwaya ya dubi hayaƙin, ya tofar da yawu.

Mun taka gaɓar Nijeriya rana tana ja. Na ba ta nono, ba ta kama ba. Kafin magariba fiton ƙirjin ya tsaya.

Mutanen ƙetare ba su tambaye mu komai ba, suka ara mana fartanya. Bitrus ya haƙa, ramin bai cika kamu biyu ba. Watanta bakwai. Haƙora biyu suka fito mata, na ƙasa.