Gambar Da Ke Kan Iyaka

Ni dai na kai Baba kallon wasan ne don ya daina yi min ƙorafin zaman gida. Ya zo wurina Kazaure daga Babura a duba masa ido, likita ta ce ya dakata sai an sake dubawa, shi kuwa mutum ne da ya saba da hayaniyar kasuwar hatsi. Da na ji wasu malamai da ɗalibai za su yi wasan kwaikwayo bayan la'asar a zauren taro, sai na ce mu je. Da na san abin da ke ciki, da na bar shi da ƙorafinsa.

Dalili kuwa, Baba da yayansa, Baffanmu da ke ƙauyenmu kusa da Gwiwa, ba sa magana tun ina sakandare, a kan iyakar gona. A lokacin Baffa yana kwance ba lafiya, an aiko mana, amma ba wanda ya iya tunkarar Baba da maganar zuwa dubiya. Tsorona kada ya rasu suna haka.

To, wasan na wa da ƙani ne da aka raba wa gonar gado, aka dasa gamba a tsakani ta zama iyaka. A wajenmu, bayan girbi masu iyaka kan yanke gambar su raba, kowa ya saƙa zana. Waɗannan kuwa sun ɓata, ba a ma gaya mana a kan me ba, don haka ba mai taɓa ta. Duk sanda aka buɗe labule sai mu ga ta ƙara tsawo, su kuma suna ta noma shiru, kowa a ɓangarensa. Har ta kai ba sa ganin juna, sai dai ƙarar fartanya. Can sai fartanyar wan ta yi shiru. Ƙanin ya kasa kunne, ya ɗauko lauje, ya tsaya a gaban gambar. Aka ja labule.

Muka zauna muna jira. Mun saba idan an gama wasa wani ya fito ya faɗi darasin da ke ciki, ya nuna mai gaskiya da mai laifi, a tafa a tashi. Ba wanda ya fito. Sai da aka fara kwashe kujeru muka gane an sallame mu.

A bakin ƙofa gardama ta kaure. Wani tsohon hedimasta ya ce lokaci ne ya ƙure musu suka yanke ƙarshen. Maƙwabciyata, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato, ta ce ita ba ta taɓa ganin wasan da ya kai wannan ba, don ya ba ta abin da za ta tafi da shi gida ta yi ta juyawa. Wani ya ce wan mutuwa ya yi, wani ya ce a'a, salla ya tafi. Ni kuwa ina ta satar kallon Baba, kada ya zaci da gangan na kawo shi.

Ashe shi ya fi kowa ɗaga murya. Ya ce wasan banza ne, ba kai ba gindi, kuma wanda ya tsara shi bai taɓa riƙe fartanya ba. Yana cikin faɗa sai ga malamin da ya fito a ƙanin, Baba ya tare shi.

"Malam, ka yanka ko ba ka yanka ba?"

Malamin ya rusuna ya ce shi ma bai sani ba, a nan wasan ya tsaya.

"Mutum ya ji fartanyar ɗan'uwansa ta yi shiru, ya tsaya yana kallon ciyawa?" in ji Baba. Ya juya ya yi gaba, ko sallama babu.

Abin da ya ba ni mamaki, wasan da ya kira na banza shi ya zama hirarsa safe da yamma. Yana cin tuwo yana kushe shi. Maƙwabciyata ta shigo gaishe shi, ya zaunar da ita suka sake sabuwar gardama. Na so ƙwarai in tambaye shi me ya tsaya masa a rai haka, amma ban ga fuska ba.

Ranar da likita ta sallame shi na raka shi tasha. Ya wuce motar Babura kamar bai gan ta ba, ya nufi wajen masu babur yana tambayar mai zuwa Gwiwa.

"Baba, ga motar Babura nan."

"Na gan ta. Ai an gyara min idon."

Baffa bai kai wata damina ba. Amma kafin nan, da kaka, Baba da kansa ya yanke gambar iyakarsu ya raba biyu, ya sa aka kai rabin gidan Baffa. Da rabon Baba aka saƙa zanan da ke kewaye da turken awaki a gidanmu na Babura.

Kwanan baya na tsokane shi, na ce ko yanzu ya yarda wasan nan yana da ma'ana. Ya harare ni ya ce har gobe wasan banza ne, sun bar wa mutane aikin ƙarasawa.