Malam Isuhu da sojojinsa na roba

Duk wanda ya taɓa kwana a filat ɗinmu na unguwar Al Ras, can ƙasar Larabawa, ya san ba a shiga falo da sauri. Tun kana bakin ƙofa za ka ji muryar Malam Isuhu: "Dusuma, dusuma." Wai "a hankali" ke nan da Faransanci. Bamaraɗe ne, gemu ya fara furfura, da rana yana ɗaure kaya a wani shagon kago na masu aika kaya ƙasashe a unguwar Al Sabkha. Yana dawowa sai ya durƙusa gaban teburin cin abincinmu, ya jera sojojin roba da motocin yara, ya ɗaure wayarsa jikin gwangwanin madara. Ya matsar da ƙafar soja kaɗan, ya ɗauki hoto, ya ƙara matsarwa, ya ƙara ɗauka. In ya haɗa hotunan sai ka ga soja yana tafiya da kansa. Mu kuwa tun ranar da ya koyi wannan aiki a ƙasa muke cin abinci.

Bai taɓa sayen abin wasa ko ɗaya ba. Waɗanda suka karye a kwali, masu kaya suka ce a zubar, su yake cusowa a aljihu. Na ce masa, "Malam, ko mota ɗaya mai taya huɗu ka sayo mana." Ya ce, "Garba, sabuwa ba ta san wahala ba. Ba za ta iya wasa ba."

Kun tuna Yakubu, ɗan Kafanchan mai gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki, wanda muke ɗaki ɗaya da shi. Wata rana a tsakiyar zafin Agusta ya wuni kan rufin mutane, ya dawo ya tarar da falo kamar murhu.

"Malam, wa ya kashe esi?"

"Ni ne, habibi. Iskar tana kaɗa min hadari."

Auduga ce ya rataye da zare saman tebur. Yakubu ya ce shi wallahi suma zai yi. Malam ko ɗagowa bai yi ba, gumi na ɗiga daga gemunsa, ya ce, "Zauna ka kalla. Nan gaba kaɗan za a yi ruwa a fim ɗin, ka ji sanyi."

Akwai wani soja da ba ya tsayuwa. Da an kusa gama ɗauka sai ya kife, a koma farko. Malam ya yi masa faɗa, ya manna masa cingam a ƙafa, duk a banza. Rannan muka ga babu shi. Yakubu ya tambaya, Malam ya ce, "Halas, an gama, na soke bizarsa. Yana cikin kwantenar da ta tafi Kano." Yakubu ya ce, "Ko notis ba ka ba shi ba?" Ya ce, "Mu wa yake ba mu?"

Amma babu kamar ranar Alhaji Sabo, wani baƙonmu da ya zo saro takalma. Malam ya gina dutse da ƙuli-ƙulin da aka aiko masa daga gida, ya fita sallar la'asar. Alhaji ya tashi daga barci da yunwa, ya ga tsibin ƙuli-ƙuli a tebur, ya yi bisimilla. Kafin Malam ya dawo rabin dutse ya tafi. Muka yi tsuru-tsuru. Malam ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Alhaji, ka ƙoshi?"

"Alhamdulillahi. Ku yi haƙuri, ban san..."

"Ba ka ƙoshi ba. Zauna."

Ya sa shi ya riƙa ɗaukar guda guda, kowane aka ɗauke sai a yi hoto. In Alhaji ya kai hannu da sauri sai ka ji "dusuma". Mai takalma na ta kiran waya, Malam ya hana a ɗaga. Har magariba bawan Allah yana tauna, yana neman ruwa da ido. A fim ɗin sai ga dutse yana narkewa gaban sojoji, abin gwanin ban sha'awa. Alhaji Sabo bai sake sauka wurinmu ba.

Mu muna dariya, amma mun san don wa yake yi. 'Yarsa Hadiza a Maraɗi ba ta ji ba ta magana tun haihuwa, kiran waya ba ya yi mata amfanin komai. Waɗannan finafinai su ne hirarsu. Da aka rufe gari lokacin korona, tafiyarsa gida ta fasa, sai ya fara wani sabo: wata tsohuwar akori-kura ta kama hanya daga bakin teku za ta kai direbanta gida. Motar tana tsakiyar hanya ciwon ya kama shi. Aka kai shi asibiti, bai dawo ba.

Ni da Yakubu muka ce mu ƙarasa. Ba mu da haƙurinsa, sai motar ta riƙa tsalle kamar kwaɗo har ta isa ƙofar gida. Muka tura wa matarsa a haka. Ta maido mana bidiyon yarinyar tana kallo: tana ta dariya tana tafi, har aka zo daidai inda hannunmu ya shiga. Sai ta daina. Ta sa yatsa a kan wayar, ta dubi uwarta, ta girgiza kai.

Allah ya jiƙan Malam Isuhu, ya yafe masa kurakuransa, ya sa ya huta. Allah ya raya Hadiza, ya ba ta wanda zai zauna ya yi hira da ita yadda ubanta ya yi. Amin.