Baƙin rasberi da abin da ya yi wa Sale mai keke

Assalamu alaikum jama'ar zauren Ƙofar Ran. Mai magana Farfesa Dakta ne, babban likitan ciki da hanji, wanda Turawa ke miƙewa in ya shigo. Ba na rubutu a irin wannan wuri, yau ne ta kama.

Wata uku ke nan ba ku ji ɗuriyar Sale ba. Sale dai mai keke, mai jigilar ɗalibai daga Yelwa zuwa Muda Lawal, wanda ya taɓa sanar da ku cewa an naɗa shi kwamishina. A hannuna ya kwanta, kuma ya kusa tafiya.

Abin ya faro ne daga ciwon baya. Wuni a kan keke, sai ya riƙa shiga kemis yana sayen ƙwayar kashe ciwo, biyu da safe biyu da yamma, ciki babu komai. Bayan wata biyu ƙahon zuciyarsa ya fara zafi kamar an ɗora garwashi.

Maimakon asibiti, sai ya tsaya wurin wani mai lasifika a bakin kasuwa. Mutumin ya ɗauko kwalba mai hoton wasu 'ya'yan itace baƙaƙe, ya ce sunansu baƙin rasberi, daga ƙasar Turawa, an busar an niƙa.

"Ɗan'uwa, cokali ɗaya a kunu. In ka ga bayan gidanka ya yi baƙi kada ka tsorata, dattin ne ke fita."

Rubutun jikin kwalbar Turanci ne. Sale kuwa allo ya yi, Hausar boko ma a waya ya tsince ta. Ya juya kwalbar sau biyu don kada a raina shi, ya ce ai ya san kamfanin.

Kwana huɗu, bayan gida ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta. Wawan sai murna. Har ya ƙara cokali.

Mako uku yana haka. Jiri, haki, in ya tura keke ƙafa ta riƙa rawa.

Wata safiya ya fito tsakar gida ya yanke jiki ya faɗi. Innarsa tana shara. Ko tsintsiyar ba ta ajiye ba.

"Tashi ka ba ni wuri, Sale. Na ranar sunan ɗan Hadiza bai ishe ka ba?"

Ranar sunan, suman ƙarya ya yi don a ba shi kan rago. An kuma ba shi.

Ina kwance ina jin ta, wato yana kwance yana jin ta, bakin ya ƙi buɗuwa. Allah Ya kawo yayarsa Hadiza. Ta ja fatar idonsa ta ga fari fat, ta ce, "Inna, wannan karon ba na ƙarya ba ne."

Asibiti kun san shi. Yankar kati, layi, a ɗebi jini, a koma wani layin. Aka ce jininsa ya yi ƙasa sosai, sai an ƙara masa leda uku, a nemo masu bayarwa.

Nan ne inda raina ke ɓaci. Hadiza ta rubuto a wannan zauren cewa Sale na neman jini. Me kuka aiko mata? Fuskokin dariya. Wani ya ce, "A gaida kwamishina." Wani ya ce jinin akuya ko na tinkiya. Tun hantsi har la'asar tana tsaye a baranda tana kiran lambobi, kowa na cewa ta gaya masa sun gano shi.

Sai da ta ɗauki bidiyonsa da robar ƙarin ruwa a hannu, leɓe fari, sannan mutum biyu suka zo. Ɗayan ma ya tsaya a bakin gado yana jira in fashe da dariya.

Ban yi ba. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba.

Kashegari aka zura kyamara ta maƙogwaro har ciki. Gyambo ne, yana tsiyayar da jini. Hadiza ta miƙa wa likita kwalbar. Ya karanta, ya ajiye.

"'Ya'yan itacen nan abinci ne, mai cin su ba ruwansa. Amma ba mu da tabbacin suna warkar da gyambo, kuma garin nan ban san me aka haɗa a ciki ba. Ƙwayoyin kemis ne suka cinye maka ciki. Baƙin da kake wa murna kuwa jininka ne."

Kwana tara a gado. Awakin Inna biyu suka tafi a kan haka. Mai lasifika an neme shi, ya canza kasuwa.

Yanzu sauƙi ya samu, alhamdu lillahi. Ana shan maganin asibiti, an bar yaji, an koma keke rabin wuni. Allah Ya saka wa Hadiza da mutum biyun nan. Inna har yau in ta tuna tsintsiyar sai ta yi kuka, alhali laifin ba nata ba ne.

Shawarata: in bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, asibiti a ranar. Kada a sha ƙwayar ciwo kamar gyaɗa. Kwalbar da ba ka iya karanta ta ba, kai wa wanda ya iya, ba abin kunya ba ne. In aka ce wani na neman jini, ku je ku gani da idonku, ko da maƙaryacin unguwa ne.

To, babu wani farfesa. Farar rigar da kuka gani a hotona ta Malam Buba mai nama ce, lambar da na rubuto da ita kuma sabon layin Hadiza ne.

Ni ne Sale. Da sunana na sa a sama, da kun yi dariya kun wuce. Wannan ce ƙarya ɗaya tak a cikin rubutun nan, kuma da ita kuka karanta har ƙarshe.