Lahadin da Na Manta da Man Janareto

Shekara goma sha ɗaya na yi ina gadi a wani ƙaramin otal da ke Sabon Gari, nan Gusau, amma ranar da ta ƙi fita raina ita ce Lahadin da makaɗa suka zo daga Jos. Ku da kuka fara aikin nan bana, ku saurara, kar ku ɗauka hankali ne ya kawo furfurar nan.

Ni mutumin 'Yandoto ne. Aji biyu na yi a boko aka kore ni saboda tsokana. Da 'yan bindiga suka hana mu noma na shigo gari, Madam mai otal ta ɗauke ni gadi, ta haɗa mani da kula da janareto. Ƙa'idar injin biyu ce. Ana cika tanki kafin a tayar. In kuma yana aiki ba a zuba masa fetur, sai an kashe ya huce. Na ga wanda ya karya ta biyun a Tsafe, har yau yatsunsa ba su miƙewa.

Zauren taronmu matsattse ne, ko da rana sai da fitila. Babbar ƙofa na kallon get, ta baya kuwa mutum biyu ba su wuce ta a jere. Lokacin gari na cikin ɗar-ɗar, don haka aka sa wasan bayan la'asar, a tashi kafin magariba. Zaure ya cika da 'yan kasuwa da ma'aikata da suka taso daga coci, mata da goyo, tsofaffi da sanda. Kafin a fara Madam ta hau dandamali ta ce, "In kuka ga wuta ta ɗauke, Baba Mamman ne ya kashe inji, ya ga abin da bai yarda da shi ba a get. Kowa ya bi ƙofar baya."

Aka waiwayo ana kallona. Na gyara hula kamar wani soja.

Abin da ba su sani ba, tun da rana makaɗan sun ce in tayar masu da inji su gwada kaya. Na tayar da ragowar man jiya, na ce an jima na cika. Jarka tana nan a gindin bango, cike, ba wanda ya taɓa ta.

Kiɗan suna ce masa fonk, mai sanyin kuma sol, na baƙaƙen Amurka ne in ji Madam. Ni kalangu na sani. Amma da mai babbar jita ya ja igiya ɗaya, a cibiya na ji ta. Mai ganga yana duka kamar ana sussuka, masu ƙaho biyu suna amsawa, mawaƙiyar kuma, wata doguwa mai suna Rifkatu, in ta ja murya sai ka tuna da mamatanka. Na leƙa ta ƙofa don in duba tsaro. Ƙafata ce ta fara rawa, ban aike ta ba. Ina jin na fi awa a wurin.

Sai inji ya yi tari.

Fitila ta lumshe ta dawo. Wata mata ta daina rawa ta jawo ɗiyarta. Na ruga na girgiza tanki, ba motsi sai ɗan ƙaraf. Na ɗauki jarka na buɗe, zafin inji na dukan fuskata, fetur na zuba a takalmina. In na zuba, wuta na iya tashi a bakin ƙofar da mutane suke. In na bari ya mutu, zaure duka zai afka wa ƙofar nan ta baya cikin duhu, da jarirai, da tsofaffi. Kuma ba ɗan bindiga ko ɗaya, ni ne.

Na aje jarka na kutsa cikin mutane. Madam ta riƙe mani riga. "Baba, mi ya faru? Sun zo?"

Kalmar nan ta zagaya zaure kafin in buɗe baki. Kujeru suka fara faɗuwa. Na fizge, na haye dandamali, na ƙwace makirufo daga hannun Rifkatu.

"Jama'a, ba kowa a get! Wallahi ba kowa! Ni ne ban zuba mai ba, rawa na tsaya yi!"

Ina rufe baki wuta ta ɗauke.

Duhu. Wani yaro ya tsala kuka. Ina jin ƙafafu na jan ƙasa wajen baya, ina ta salati a zuci. Sai na ji ganga: dum, dum, a hankali, kamar ba abin da ya faru. Ganga ba ta shan fetur. Masu ƙaho suka shiga. Rifkatu ta ɗaga murya da bakinta kawai ta ce, "Ku zauna! Baba ya ce rawa ya yi, wa ya gani?"

Wani tsoho daga baya ya ce, "Awo, na gani! Kamar akuya ta taka garwashi!"

Dariya ta fashe. Fitilun waya suka kunnu ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya fita. Haka makaɗan suka yi ta busa har inji ya huce, na cika tanki.

Washegari Madam ta miƙo mani usur ta ce, "Daga yau wanga ne alama. Kai da inji ban san wa ya fi lalacewa ba." Ba ta kore ni ba. Ta ce wanda zai iya tona wa kansa asiri a lasifika ya isa a bar masa get.

To kun ji. A garin da mutane ke kwana da kunne ɗaya, ba ƙofa kaɗai maigadi ke tsaro ba, tsoron jama'a ne a hannunsa. In ka yi kuskure, faɗi da ƙarfi tun kafin duhu ya faɗa a madadinka. Har yau in na shiga kasuwa ana ce mani Baba Mai Rawa, ina amsawa. Amma in za a yi kiɗa, sai na cika tanki har ya tumbatsa kafin in bar ƙafar nan ta ji komai.