Ɗan Akwatin da na Cire a Taman Melati

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan da ke cikin labarin nan ni ne. Ni Malam Idi na Bichi, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana hawa turakun waya a kamfanin tarho na gwamnati, kafin a sallame mu da takardar yabo da agogon bango. Karatuna aji huɗu ne na elemantare, na huɗun ma ban ƙarasa ba, amma in dai maganar waya ce ban ga farfesan da zan durƙusa wa ba. Da wannan girman kan na tafi Maleshiya.

Litinin: Bichi zuwa Alƙahira

Ranar Lahadi da hantsi ɗana Sagir, wanda ke karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, ya bugo ya ce matarsa Zainab ta sauka lafiya, an sami mace, kuma sunan mahaifiyarsa za a sa mata. Bizarmu ni da Hajiya, mahaifiyar tasa, ta daɗe da fitowa, sai dai likita ya dubi gwiwarta da hawan jininta ya ce ba ta ba doguwar tafiya.

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba direba ya tsaya a ƙofar gida. Hajiya ta rako ni zaure tana dogara sanda.

"Malam, ba na son atamfa, ba na son turare," in ji ta. "Sagir ya ce ranar suna za a iya nuna min yarinyar a kwamfuta tana motsi. Takwarata nake so in gani da idona. Kai ne ma'aikacin waya, to ga aiki ya same ka."

Na ce, "Hajiya, ki ɗauka kin gan ta kin gama."

Mun yi sallar asuba a Dawanau, inda ɗan sanda ya leƙo ya shinshina jakata ya ce, "Baba, daddawa za ka kai wa Turawa?" Na ce masa ba Turawa ba ne, mai jego ce. Ya ce a gaishe ta. Jirginmu ya tashi daga Kano da rana, muka sauka Alƙahira bayan magariba. Can na zauna a kujerar ƙarfe ina cin kilishin da aka ba ni saƙo, kaɗan kaɗan, don a rage wa jirgi nauyi.

Talata: sauka

Jirgi na biyu ya yi ta tafiya har na daina duba agogo. Abin da na lura shi ne, a hanyar nan rana saurin fitowa take yi, kamar ana jan ta. Mun sauka ƙarfe shida da minti ashirin na yamma. Mai duba fasfo ya tambaye ni da Turanci me ya kawo ni, na rungume hannuwana kamar mai riƙe da jariri na girgiza. Ya yi dariya ya buga hatimi.

Sagir na jira na a waje, ya yi ƙiba har da tumbi. Daga filin jirgi zuwa unguwarsu, Taman Melati, sa'a ɗaya da kwata a tasi, titi sumul, gonakin kwakwar manja hagu da dama. Ni kuwa turakun waya nake nema da ido. Na tambayi direba ta bakin Sagir ina suka kai wayoyinsu. Ya ce yawancinsu a ƙarƙashin ƙasa suke. Na ce to ma'aikacin waya a ƙasar nan gafiya ne ke nan. Sagir bai fassara masa ba.

Gidansu hawa na biyar. Zainab ta durƙusa ta gaishe ni, kanta a ƙasa, aka miƙo min yarinya. Hajiya sak, har tamke fuskar. Tunda Sagir ba zai iya kiran sunan uwarsa ba, Ummi ake ce mata.

Laraba: bincike

Da safe Sagir ya ajiye min takardu biyu kusa da kofin shayi. Wata guda ke nan da tarewarsu, ba su sa intanet ba tukuna, a makaranta yake aikinsa.

"Baba, hanya biyu ce. Akwai kebul, ta wayar talabijin ta ginin nan yake zuwa, sun ce gobe ma za su iya haɗawa. Akwai kuma wanda ake ce wa Di-Es-El, ta wayar tarho yake bi, su sai Asabar."

"Suna kuma Lahadi."

"Shi ya sa nake ganin mu sa kebul mu huta, lah."

Wannan "lah" ɗin duk yaran can sun ɗauka, kamar tari. Na ce masa ba a sayen waya a takarda, sai an je an gani.

Muka hau bas zuwa Setapak, minti ashirin, gidan abokinsa Malam Nura ɗan Katsina, wanda ke da kebul. Dogon bene ne maƙil da ɗalibai, rabinsu 'yan ƙasarmu, kana jin Turancin Legas tun daga matakala. Da hantsi Nura ya danna, hoto ya buɗe kafin in ƙifta ido. Sagir ya dube ni. Na ce a kai ni cin abinci, mu dawo da yamma.

A shagon da suke kira mamak na ci wata gurasa mai laushi da romon wake, da shayin da ake ɗaga shi sama a zubo shi cikin wani kofi har ya yi kumfa. Duka bai kai ringgit uku na kuɗinsu ba. Na ce wa mai shayin in ya zo Bichi da hannun nan, cikin wata guda zai yi mota.

Ƙarfe biyar da rabi muka koma. Ɗalibai sun dawo daga makaranta, kowa ya kunna tasa. Nura ya danna hoton nan dai, ya fara saukowa daga hula, muka sha ruwa, muka yi hira, bai kai haɓa ba.

"Kullum haka ne da yamma, Baba," in ji Nura.

Na gyara zama. "To ku saurara, ku masu digiri. Kebul famfon unguwa ne: bututun ƙato, amma in kowa ya kawo bokiti sai ɗigo. Wayar tarho kuwa siririya ce, amma taka ce kai kaɗai har zuwa ofishin layi. Aibinta ɗaya: in ofishin ya yi nisa, ƙarfinta a hanya yake ƙarewa. Yaushe Hajiya za ta zauna a kafen intanet?"

"Goma na safe a Kano," in ji Sagir. "Biyar na yamma ke nan a nan."

"Lokacin ɗigo ke nan."

Alhamis da Juma'a: awo da kasuwa

Saura a san nisa. Mai gadin ginin ya nuna mana ofishin layin unguwar, na taka da ƙafata ina ƙirgawa, taku dubu ɗaya da ɗari biyu da goma sha huɗu. Wata tsohuwa mai shara ta yi ta kallona, ina jin ta ɗauka wani sabon zikiri ne. Na ce wa Sagir kusa ne, ya sa hannu a takardar tarho. Ya sa, yana cewa, "Baba, in Asabar ta wuce ba su zo ba fa?" Na ce ai ina nan.

Ranar Juma'a bayan masallaci muka shiga jirgin ƙasan da ke tafiya a kan doron siminti guda, direban ma ban ga ya damu ba, muka sauka Chow Kit. Kasuwar Rimi ce aka jiƙa ta da ruwa. Mun sayi naman sa, kaji, attaruhu da albasa, ragon suna kuwa tuni aka shirya yanka shi a Bichi. A wata rumfa na ga filaya da sukundireba masu jan hannu, irin waɗanda na yi shekaru ina roƙon sito ya ba ni. Na saya. Da Sagir ya hana ni, da labarin nan bai samu ba.

Asabar: aikin gwani

Ƙarfe goma ma'aikacin kamfani ya zo, saurayi siriri, ba bel ɗin hawa, ba tsani. Minti goma sha biyar ya gama. Sagir ya tambaye shi ko za a ga mutum daga Najeriya, ya ce, "Boleh," wato zai yiwu. Duk abin da ka tambaye su a ƙasar nan, boleh.

Bayan azahar Sagir ya fita ɗauko kujerun haya. Na durƙusa in duba aikin yaron. A bango, inda wayar ta fito, sai na ga ya maƙala wani ɗan farin akwati kamar na ashana, wayar tarho da ta kwamfuta duk ta cikinsa suka bi.

To ni a zamanina, duk akwatin da ka gani a kan layi wanda ba ka san shi ba, ɗayan biyu ne: ko ɓarawon layi, ko malalacin ma'aikaci. Na kama mutum shida a Fagge da irin wannan. Na ɗauko filayata na cire shi, na feƙe wayoyi, na murɗe su kai tsaye, na naɗe da baƙin tef. Haɗi mai kyau, wanda ko Baturen da ya koya min aiki zai sara wa. Akwatin na jefa a aljihu.

Da na ɗago, Zainab na tsaye a ƙofar ɗaki da jaririya. Ta dubi wayoyin, ta dubi aljihuna. Surukai ne, ba za ta gyara min ba.

"Sannu da aiki, Baba," in ji ta.

Da Sagir ya dawo ya gwada, komai na gudu. Na ce na ɗan duba masa layin.

Lahadi: suna

An raɗa suna da safe, falo ya cika da ɗalibai da matansu, har maƙwabciyarsu Bamaleshiya ta kawo shinkafa mai launin rawaya. Ƙarfe biyar daidai aka kunna kwamfuta. Can Kano, 'yata Hadiza ta ɗauko Hajiya tun daga Bichi zuwa wani kafe, aka hau da ita bene da gwiwar nan, aka saya mata awa guda. Su kwamfutarsu ba ta da abin ɗaukar murya, sai Hadiza ta riƙa rubuta abin da ta ce.

Hoto ya fara fitowa. Ni ne gaba, ina gyara 'yar kyamarar da ke kan kwamfuta. Sai tarhon gida ya yi ƙara, wani ɗalibi ne daga wani gari yana barka. Hoto ya daskare, 'yar koriyar fitilar na'urar intanet ta hau ƙiftawa.

Aka jira minti uku ta dawo. Na sake matsowa in duba. Tarho ya sake ƙara.

Rubutu ya zo daga Kano, Sagir ya karanta a gaban jama'a: "Hajiya ta ce wannan hancin ta san shi, shekara arba'in tana ganinsa. A nuna mata yarinya."

Falo ya fashe da dariya. Ni ma na yi, amma ta ciki ba daɗi. Ranar suna ce, duk mai katin kira a Maleshiya sai da ya bugo. Kowane bugu, layi ya yanke. Nura ya ce, "Da kebul ne da ko a hankali ya kai." Na ce laifin kamfani ne. Saura minti goma sha biyu rubutu ya sake zuwa, wannan karon ba wasa: Hajiya ta ce a bar shi, Allah bai nufa ba, ƙafarta ta fara kumbura. Sagir ya ƙura wa allon ido. Ban taɓa jin nauyin aljihuna irin na lokacin ba.

Sai Zainab ta fito daga cikin mata, ta durƙusa nesa da ni kaɗan. Ba ni ta duba ba, jaririyar ta duba.

"Ummi," in ji ta a hankali, "ki roƙi Baba, in ya gama duba ɗan akwatin nan na jiya, ya ba mu aronsa. Mai haɗawa ya ce shi ke raba muryar tarho da hanyar kwamfuta."

Na sa hannu a aljihu na fito da shi, da goro guda manne a jikinsa. Lokacin kwance haɗina babu, don na ɗaure shi da gaske. Zainab ta miƙa hannu ta zare wayar tarhon daga gindinsa gaba ɗaya. Fitila ta tsaya koriya.

Aka ɗaga Ummi gaban kyamara. Ta yi hamma, ta motsa hannu, ta tamke fuska. A ɗan hoton da ke gefe muka ga Hajiya ta kai tafinta kan gilashin kwamfutar kafe, ta bar shi a nan. Minti bakwai ta samu. Hadiza ta rubuto kalma ɗaya: "Alhamdulillahi."

Washegari da kaina na mayar da akwatin mazauninsa, Zainab na riƙe min tocila.

Komawa

Na ƙara kwana tara, na biyo ta Alƙahira, na iso Bichi ranar Alhamis bayan la'asar. Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da Sagir, da Malam Nura, da Zainab wadda ta fi mijinta digiri ko da ba a rubuta ba. Shawarata ga mai zaɓe kuwa tana nan: in gininku ya cika da jama'a kuma ofishin layi na kusa, ka bi wayar tarho, in kana nesa, ka sa kebul. Kowanne ka sa, ka bar shi yadda aka sa maka.

Da yamma 'yan sannu da zuwa suka cika tsakar gida. Na ga dama ta samu, na fara ba su labarin famfon unguwa da taku dubu ɗaya da ɗari biyu, na ce ba don an tafi da tsohon ma'aikaci ba da Hajiya ba ta ga takwararta ba. Na manta cewa mata ma suna buga wa juna waya.

Hajiya na zaune kan tabarma tana shafa man zafi a gwiwa. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam," in ji ta, "shekara talatin da ɗaya mutanen garin nan suna zagin gwamnati a kan tarho ba ya aiki. Ashe ni nake dafa wa matsalar tuwo."