Mujiyar da ba a gaya mani sunanta ba

Bara bayan girbi na ɗauki wasu 'yan jami'a daga Yamai, wai sun zo kallon tsuntsaye cikin Gulbin Kaba. Ka ji aiki! Ni dai tuƙi ne nawa. Rana na faɗuwa muna tsakanin Mayahi da Kanambakashe, sai wani abu ya yi kuka cikin goruba, gajere-gajere, sa'annan ya ja mai zurfi kamar an saki guga a rijiya. Suka ɗaga wayar salula sama don ta gane masu mai kukan, salula ta kasa. Malaminsu ya juyo ya ce, "Baba, wace irin mujiya ce wannan?"

Kukan na sani. Sunan ne ban sani ba.

Kakana mutum ne mai kunne. Da magariba yana zaune kan buzu bakin rumbu, hayaƙin kara na shiga ido, ƙamshin miyar kuka ya cika gida. In mujiya ta yi kuka, kakata ta watsa gishiri a wuta don korar sharri. Shi ko sai ya ce, "Tsohuwa, bar ɓarnar gishiri. Kururu ne, ɓera yake nema." Ya san kururu, ya san duji, yana kwaikwayonsu da tafin hannu har su amsa. Amma in waccan ta cikin goruba ta yi kuka, hularsa yake cirewa ya saurara. Na dame shi da tambaya. Ya ce a gidanmu ba a faɗa wa yaro sunanta sai ya nome gona shi kaɗai, daga shuka har ɗaurin dami. Haka ubansa ya yi mashi.

Ban nome ba. Zamanin soja ne, aka zo aka kwashe mu zuwa lakwal, makarantar boko, a Tasawa, ba wanda ya isa ya ce uffan. Ruwa kuma ya ɗauke. Hatsi ya tsaya iyakar gwiwa ya ƙone. Jar dawar taimako da ake rabawa, kakana sai ya tura wa jikoki tasa, ya ce ya ƙoshi. Da na dawo hutu, na tarar an naɗe buzun an rataye, mai shi ya rasu. Lakwal ɗin ma daga baya suka koro ni. Ba Faransanci, ba noma.

Washegari malamin ya ce mu tahi ƙauyenmu mu tambayi tsofaffi. Muka tahi. Masu furfurar da muka iske gindin gawo, wallahi da su na yi langa. Ɗaya, wanda ya san kakana, ya dube ni ya yi dariya: "Kai jikansa, mu za ka tambaya?"

Yau ko wane yaro a garin da salula a aljihu, rufin kwano ya kori na kara, goruba ta fara dawowa. Tsuntsuwar ma ta dawo. Tsofaffin da ake aikawa a tambaya kuwa, mu ne, kuma ba mu da abin faɗa.